Fom ɗin masaukin Kawu yana aiko da 01/01/1970, me ke jawo haka?

Bashir Gaundare: Assalamu alaikum jama'ar gida. Wata 'yar matsala ce ta hana ni barci tun shekaranjiya. Na yi wa Kawuna shafin intanet na masaukinsa a nan Gaundare, ɗaki goma sha biyu ne, ba nisa da tashar jirgin ƙasa. A shafin akwai fom na tuntuɓa: suna, lambar waya, imel, saƙo, sai na ƙara wani gurbi da kaina na ranar isowa. Idan mutum ya zaɓi rana, imel yana zuwa lafiya lau. Idan kuwa ya bar gurbin wayam, abin da Kawu yake gani shi ne "Ranar isowa: 01/01/1970". Da hannuna na rubuta da PHP, harshen rubuta kod na shafukan intanet, ba fulogin da wani ya riga ya haɗa ba ne. Ga layin:

`$rana = date('d/m/Y', strtotime($_POST['isowa']));`

Abin da ya fi ƙona mini rai, Kawu ya share saƙo biyar masu wannan rana, wai a zatonsa 'yan damfara ne. Ɗaya daga ciki na wasu mutanen Mundu ne, su bakwai, za su Yawunde. Sun iso da daddare da yara, ba a ajiye musu ɗaki ba. Tun ranar Kawu bai ƙara ce mini "injiniya" ba.

Ɗanliti Marwa: Wa alaikumus salam. Kai Bashir, baƙi daga 1970! Ai sun daɗe a hanya, ka ce wa Kawu ya ba su ɗaki kyauta.

Bashir Gaundare: Ɗanliti don Allah, ba lokacin wasa ba ne.

Ɗanliti Marwa: To shi kenan. Abu mai sauƙi ne. Sa wa gurbin `required`, kowa ya cika dole. Ba fanko, ba 1970. An gama.

Malam Idi Garwa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Kafin a kai ga magani bari a san ciwon. Bashir, kwamfutarka ba ta haukace ba, abin da ka sa ta ta yi. Gurbin kwanan wata idan ba a taɓa shi ba, burauza tana aiko da rubutu fanko. Ka miƙa wa `strtotime`, mai mayar da rubutun rana lamba, fanko, ita kuwa ba ta ga abin da za ta karanta ba, sai ta mayar maka da `false`, wato ta ce "na kasa". Kai ba ka tsaya ka ji amsarta ba, ka cusa ta kai tsaye cikin `date`. Ita `date` lamba take jira, sai ta ɗauki `false` a matsayin sifili. Lissafin lokaci irin na Unix, wanda PHP take bi, kuwa ƙidayar daƙiƙoƙi ne daga tsakar daren 1 ga Janairu 1970 agogon GMT. Sifili shi ne wannan daren. Ka gwada ƙara awa a cikin layin, `d/m/Y H:i`. Idan agogon sabar ɗinka, wato kwamfutar da shafin yake zaune a kanta, na nan gida ne za ka ga 01:00, domin Kamaru da Chadi suna gaban GMT da awa ɗaya. Da a agogon Amurka take, da 31/12/1969 Kawunka ya gani.

Bashir Gaundare: Na gwada yanzu Malam. 01/01/1970 01:00. Wallahi kamar kana leƙen allona.

Malam Idi Garwa: Duk wanda ya daɗe a wannan sana'a ya taɓa karɓar baƙon 1970. Ni nawa ya zo mini ne a fom ɗin wata makaranta, ɗalibai arba'in duk an haife su rana ɗaya.

Ɗanliti Marwa: To ai maganata tana nan. `required`. Me ya rage?

Abakar Kusiri: Ɗanliti ba ka taɓa bin hanyar Dabanga da damina ba, shi ya sa. Mutum ya taso daga Injamena ya haye gadar Ngeli, ka tambaye shi yaushe zai kai Gaundare, amsarsa ɗaya ce: in Allah ya kai mu. Tsakanin Kusiri da Mora kaɗai a watan Agusta mota tana iya kwana a hanya. Masu bi ta Mundu da Tuboro ma ba su da tabbas. Wannan mutumin ka ce sai ya zaɓi rana kafin fom ya tafi? Abu biyu ne zai faru. Ko ya rufe shafin ya kira wani masaukin, ko ya danna duk ranar da yatsansa ya faɗa a kai don ya wuce. Na biyun ya fi muni, domin yanzu Kawu yana da rana mai kama da gaskiya, zai ajiye ɗaki, ya hana wani, ba kowa ya zo.

Adda Mairo: Abakar ya faɗi gaskiya. Ni ba na rubuta kod, amma ni ce mai buɗe irin waɗannan saƙonni kullum a wani ƙaramin asibiti a Garwa. Wanda ya yi mana fom ya sa ranar da kake son ganin likita dole. Kun san abin da mutane suke yi? Ranar da suke cike fom ɗin suke zaɓa, don ita ce a gaba. Sai in kira in ce kin ce yau za ki zo, ta ce a'a, ni tambaya kawai na yi ko likitan ido yana nan. Kuɗin waya nawa ya tafi a haka.

Kuma akwai wani abu da ku masu kwamfuta kuke mantawa. Mutanenmu da yawa ba da kalandar bango suke lissafi ba. Tsohuwa za ta ce bayan Sallah da kwana uku. Sallar kuwa sai an ga wata. A wane akwati za ta danna wannan?

Ɗanliti Marwa: Na ji Adda, na janye. Amma to a bar shi ba dole ba, idan fanko ne a sa ranar yau. Ko banza ta fi 1970 kyan gani.

Bashir Gaundare: Dama na gwada wani abu makamancin haka jiya da daddare ba da niyya ba. Na ga wani ya ce a daina amfani da `strtotime`, a koma `new DateTime`. Na canza, 1970 ta ɓace, har na yi murna. Da safe na lura ranar yau take sa wa duk wanda bai cika ba.

Malam Idi Garwa: Tsugune ba ta ƙare ba kenan, an sayar da kare an sayi biri. `new DateTime('')` tana ɗaukar fanko a matsayin "yanzu". Ba ta kuka, ba ta gargaɗi. Ni a wurina gara 1970 sau goma. 1970 ƙarya ce mai ƙaho, ko Kawu da bai san PHP ba ya ga akwai matsala. Ranar yau kuwa ƙarya ce mai riga da hula. Yaron masauki zai share ɗaki, ya shimfiɗa zanin gado, ya zauna jiran mutumin da ko jakarsa bai haɗa ba.

Ɗanliti Marwa: Yau dai duk abin da na kawo sai an mayar mini da shi. Ga na ƙarshe. Bar kod ɗinka na farko yadda yake, a ƙasa ka sa `str_replace`, duk inda 01/01/1970 ta fito a goge ta. Wa zai nemi ɗaki a 1970?

Zara'u Injamena: Sannunku da hira, yanzu wuta ta dawo na ga saƙonni sun taru. Ɗanliti, a fom ɗin Bashir dabararka za ta wuce, tunda ranar isowa ce. Amma ina roƙonka kada ka saba da ita, domin ni ta taɓa kunyata ni.

Ina kula da shafin wata cibiyar koyon sana'a a nan, ɗinki da gyaran waya da kwamfuta. Fom ɗin neman shiga yana da gurbin ranar haihuwa. Kun san takardunmu. Manya da yawa abin da ke rubuce a katinsu shi ne "né vers 1970", an haife shi wajajen shekara kaza, ba rana ba wata. To idan aka zo shigar da irin wannan a na'urar da ta ce sai rana da wata, 1 ga Janairu ake yawan sa wa. Wata baiwar Allah ta zo neman ajin ɗinki na manya, takardarta 01/01/1970 ƙiri-ƙiri. Ta cike fom daidai, ɗanta ne ya taya ta. Saƙo ya zo mini ba ranar haihuwa. Na kira na ce Mama ba ki cika ba, ta ce ta cika. Suka sake, haka. Sau uku. Har ɗan ya fara ɗaga mini murya, ni kuma a raina ina cewa ba su iya ba ne. Ashe ni ce ban iya ba. Na rubuta `if ($lokaci)` ne, sabar kuma tana kan GMT, ranar haihuwar matar ta zama sifili cif, PHP kuwa sifili da `false` duk ɗaya take ganinsu idan ba ka matsa mata ba. Na kori ranar gaskiya da sunan korar ta ƙarya.

Abakar Kusiri: Innalillahi. Babana ma "vers 1958" ne a katinsa.

Zara'u Injamena: Nasa zai wuce, lambarsa ƙasa da sifili take, ba sifili ba. 'Yan 1970 ne kaɗai suka shiga uku. Kuma abin dariyar, da sabar tana kan agogon Injamena da ban taɓa ganin matsalar ba, domin tsakar darenmu ta riga ta GMT da awa ɗaya, lambar sai ta zama -3600. Wato kod ɗaya, ya yi aiki a kwamfutata, ya ƙi a sabar. Kwana biyu na yi ina neman aljanin.

Malam Idi Garwa: Allah ya yi miki albarka Zara'u, kin rage mini dogon bayani. Wannan shi ya sa nake gaya wa ɗalibaina a binciki fanko tun a bakin ƙofa, kafin a taɓa shi da komai. Da zarar ka mayar da shi lamba ka riga ka ɓatar da sawu, ba ka ƙara sanin ko mutum bai cika ba ne, ko ya cika da abin da ba ka gane ba, ko kuwa ranar ce da gaske. Bashir, ga yadda zan rubuta:

```
$shigo = trim($_POST['isowa'] ?? '');
if ($shigo === '') {
    $rana = 'bai faɗa ba';
} else {
    $d = DateTime::createFromFormat('Y-m-d', $shigo);
    if ($d && $d->format('Y-m-d') === $shigo) {
        $rana = $d->format('d/m/Y');
    } else {
        $rana = 'a duba: ' . $shigo;
    }
}
```

Ka lura da alamar daidai guda uku. Sun fi biyu aminci.

Bashir Gaundare: Na gode Malam. Tambaya biyu. Me ya sa `Y-m-d` alhali a wayata jj/mm/aaaa nake gani? Kuma me ya sa ka mayar da ita ka sake gwadawa da abin da ya shigo, ai `createFromFormat` ta riga ta karɓa?

Malam Idi Garwa: Abin da ido yake gani daban, abin da ke tafiya daban. Burauza tana nuna wa kowa tsarin harshen wayarsa, mai Faransanci rana a gaba, mai Turancin Amurka wata a gaba. Amma abin da take aikawa kullum shekara, wata, rana ne, kamar 2025-03-04. Ta biyun kuwa, `createFromFormat` tana da kawaici fiye da kima. Ka ba ta 2025-02-31, ba za ta ce maka Fabrairu ba ta da 31 ba, sai ta zarce da lissafi ta ba ka 3 ga Maris. Idan ka mayar ka gwada, sai ka ga abin da ya fita ba shi ne ya shiga ba, ka kama ta.

Usumanu Gidar: Malam ranka ya daɗe, ina da ja a kan reshe na uku na kod ɗin, wato na "a duba". Tunda burauza ce take tsara ranar, ta yaya wani abu daban zai shigo? Ba ɓata layi ba ne?

Abakar Kusiri: Usumanu zo tashar mota ka ga wayoyin da direbobi da 'yan kamasho suke riƙe da su. Ba kowace burauza ce take buɗe kalanda ba. Wadda ba ta san gurbin kwanan wata ba sai ta mayar da shi gurbin rubutu kawai, mutum ya rubuta abin da ya ga dama. Mu kuma da Faransanci muka koyi rubuta rana, 25/12/2025 za mu sa.

Malam Idi Garwa: Nan ma akwai rami, kuma ya fi na fanko zurfi. `strtotime` idan ta ga rana da wannan karkatacciyar sanda a tsakani, tsarin Amurka take ɗauka, wata a gaba. 25/12/2025 a wurinta wata na 25 ne, babu shi, sai `false`, sai 1970 kuma. Bashir, ina kyautata zaton cikin saƙonni biyar da Kawunka ya share akwai wanda ya cika ranar tsaf. Wanda ya rubuta 03/04/2025 yana nufin 3 ga Afrilu kuwa, za ta karɓa da fara'a ta ce 4 ga Maris. Daga 1 zuwa 12 ga wata tana juya maka rana a ɓoye, daga 13 zuwa sama tana jefa ka 1970. Da gajeren layi aka raba, 03-04-2025, da ta karanta irin namu. Wa zai tsaya yi wa baƙo wannan bayani? Shi ya sa reshe na uku bai yi hasashe ba, ya miƙa wa Kawu abin da mutumin ya rubuta da hannunsa. Ɗan Adam ya fi kwamfuta gane "jibi da yamma".

Kuma Usumanu, `required` da kalanda duk a burauza suke. Masu aiko da shara ba ta burauza suke bi ba, kai tsaye suke jefa wa sabar abin da suka so.

Usumanu Gidar: Na gamsu da wannan. Amma reshe na farko fa? Ni a ganina idan fanko ne a cire layin gaba ɗaya daga imel ɗin. Me ya sa za a cika saƙo da "bai faɗa ba, bai faɗa ba"? Ni da Contact Form 7 nake aiki a WordPress, a wajen tsara imel akwai wani ɗan akwati da kake dannawa, duk layin da gurbinsa yake fanko ba zai fito ba. Saƙo ya zo tsaf-tsaf. Na fi shekara uku ina haka ba wanda ya yi ƙorafi.

Adda Mairo: Ba wanda ya yi ƙorafi ko ba wanda ya gaya maka? Ƙanena, ni da nake karanta saƙo talatin kafin azahar, idona ya riga ya san inda kowane layi yake. Layi na huɗu rana ce. Idan na duba ban gan ta ba, ba na cewa "bai cika ba", cewa nake "fom ya sake lalacewa", in kira mai gyara, ya ce yana Pitowa sai gobe. In an rubuta mini bai faɗa ba, na san aikina: in ɗaga waya in tambaya.

Usumanu Gidar: To Adda idan gurabun da ba dole ba sun kai goma fa? Saƙon zai zama kamar takardar sakamakon ɗalibin da bai zauna jarrabawa ba.

Zara'u Injamena: Ku biyun kuna da gaskiya, gurbi ne ya bambanta. Akwai wanda rashinsa ba ya sa kowa yin komai, kamar "a ina ka ji labarinmu". Wannan a ɓoye shi. Akwai wanda rashinsa aiki ne a kan mai karɓa, kamar ranar isowa a masauki. Wannan a rubuta ɓaro-ɓaro. Ni har gaba nake kawo shi, a kan saƙon, don a gani tun kafin a buɗe.

Usumanu Gidar: Ban ƙi ba, amma ni dai a shafukan da nake yi wa 'yan kasuwa zan ci gaba da ɓoyewa. Alhazan nan ba sa son dogon saƙo.

Malam Idi Garwa: Kowa ya san mutanensa. Sai dai Zara'u, tunda kin ambaci kan saƙo: duk abin da baƙo ya rubuta da hannunsa kada a ɗora shi a can ɗanye. A cire masa alamun sabon layi tukuna, in ba haka ba ɓata-gari suna iya cusa nasu adireshin su mayar da fom ɗinka injin aika shara. A jikin saƙo ma, idan HTML ne, a bi da shi ta `htmlspecialchars` don kada a ɗauke shi a matsayin kod. Bashir, wannan ya shafi `$shigo` na reshe na uku.

Ɗanliti Marwa: Tunda yau ranar tonon asiri ce bari in faɗi nawa, kada a ce Zara'u kaɗai ce mai laifi. Bashir kana ajiye saƙonnin a rumbun bayanai ko imel kawai?

Bashir Gaundare: Imel kawai yanzu. Ina shirin ƙara MySQL wata mai zuwa.

Ɗanliti Marwa: To saurara. Na yi wa wani mai ba da hayar kujeru da rumfunan biki fom, yana ajiyewa a tebur sannan ya aika imel. Shekara biyu lafiya. Wanda bai sa ranar biki ba, MySQL tana rubuta 0000-00-00 ta yi shiru, ni ma na yi shiru. Rannan aka ɗauke shafin zuwa sabuwar sabar. Ashe daga MySQL 5.7 tsauraran dokoki a kunne suke zuwa, ka ba gurbin DATE rubutu fanko sai ta ƙi, ta jefo kuskure mai lamba 1292. Kod ɗina kuwa ajiya ce a gaba, imel a baya. Ajiya ta faɗi, imel bai tafi ba, shi kuma mai cike fom farin shafi kawai yake gani ya ɗauka ya tafi. Mako uku, ana tsakiyar bukukuwan bayan Sallah. Mutumin ya zo har gida ya same ni ina cin tuwo.

Abakar Kusiri: Shi ya sa kake son `required` ashe. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Ɗanliti Marwa: Ka gane ni. Abin da na koya dai: a tebur a bar gurbin ya karɓi NULL, wato alamar "babu komai" ta rumbun bayanai, idan fanko ne a aika NULL na gaske, ba rubutu fanko ba, ba sifilai ba, ba kuma kalmar "bai faɗa ba". Wannan kalmar ta imel ce kawai, don idon mutum.

Malam Idi Garwa: Yau Ɗanliti ya faɗi abin da ba zan gyara ba. A rubuta ranar.

Adda Mairo: Ni ma ku warware mini wani abu tunda kun taru. Duk ƙarshen wata ana fitar mini da jerin sunayen a Excel. Wasu layukan sai in ga 00/01/1900. Wannan kuma kakan wa ne?

Zara'u Injamena: Ɗan'uwan na Bashir ne Adda, uwa ɗaya uba daban. Excel daga farkon 1900 take fara ƙidayar ranaku. Idan wani lissafi ya jawo gurbi fanko sai ya zama sifili, sifili kuma a rigar kwanan wata shi ne 00/01/1900. Da a LibreOffice ko Google Sheets kika buɗe irin wannan sifilin, 30/12/1899 za ki gani. Duk inda kika ga ɗaya daga cikinsu, ki karanta shi "ba a cika ba".

Adda Mairo: Shekara biyu ina tsammanin wata tsohuwa ce take yi mini wasa.

Bashir Gaundare: Jama'a na sa kod ɗin Malam. 1970 ta tafi. Amma ga abin da ya zo yanzu: "Ranar isowa: bai faÉ—a ba". Wannan kuma fa?

Malam Idi Garwa: Ɗ mai ƙugiya ce ta sha wahala a hanya. Ba ka gaya wa imel ɗin da wane tsarin haruffa aka rubuta shi ba, sai mai karɓa ya yi hasashe ya karanta harafi ɗaya a matsayin biyu. Ƙara wannan a kawunan saƙon: `Content-Type: text/plain; charset=UTF-8`. Zai gyara maka har da é da è na masu rubuto maka da Faransanci, da Larabcin mutanen Abeshe.

Ɗanliti Marwa: Ko ka rubuta "bai fada ba" ka huta.

Zara'u Injamena: Sai Kawu ya ɗauka an ce baƙon ba ya faɗa da kowa, ko ba ya zuwa fada. Gyara kan saƙon kawai Bashir, layi ɗaya ne.

Abakar Kusiri: Wata shawara ta wanda ba injiniya ba. Kusa da kalandar ka ƙara ɗan gurbin rubutu, ka sa masa "idan ba ka da tabbacin rana, gaya mana kusan yaushe". Mutum ya rubuta "cikin makon nan", ko "ranar da na samu tikitin jirgi". Yawancin baƙin Kawunka ai jirgin yamma na Yawunde suke jira, ranar da za su bar masaukin ma sun fi saninta a kan ranar da za su iso.

Malam Idi Garwa: Wannan ta fi duk kod ɗin da na rubuta yau amfani.

Usumanu Gidar: Amma kada ka sa JavaScript ta kashe kalandar idan an rubuta a ɗaya gurbin, na taɓa yi. Gurbin da aka kashe da `disabled` ba ya tafiya ko fanko, sunansa ma ba ya zuwa.

Malam Idi Garwa: Alamar tambaya biyun da ke layin farko aikinsu kenan, ko gurbin bai zo ba sam za a ɗauke shi fanko. Amma gara ka faɗa, don wani zai kwafe rabin kod ɗin ya bar rabi.

Bashir Gaundare: Na dawo. Na gyara haruffa, na ƙara gurbin Abakar, na gwada sau shida: fanko, rana daidai, 31 ga Fabrairu, 25/12/2025 da hannu, tazara kawai ba rubutu, da "jibi". Duk sun zo yadda ya kamata. Na kuma shiga kwandon shara na imel ɗin Kawu na tarar da huɗu daga cikin biyar ɗin. Ɗaya da gaske shara ce, tallan magani. Biyu sun riga sun wuce. Na ƙarshen wata mata ce daga Yagwa, za ta kawo 'yarta jami'a a Dang, ta ce a jikin saƙon ba ta san ranar ba sai an kafe sunaye. Kawu ya kira ta ɗazu da kansa.

Adda Mairo: Ta ɗauka?

Bashir Gaundare: Ta ɗauka. Har yanzu ba a kafe ba. Ya ce ta kira idan sun shiga mota.